Hular Baba Gola

"Ba nan ba, 'yar nan. Bayan akwatin, cikin baƙar leda."

Ina tsaye kan kujera a ɗakin Baba Gola, hannuna cikin ƙurar saman kabad. Na lalubo ledar na sauko. Hula ce a ciki, irin mai baki a gaba ta kare rana. Da ja ce, yanzu ta koma launin bulo, bakin ya lanƙwashe.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa. Tun da ƙafafunsa suka kumbura ya daina fita, ni Umma ke aikawa in share ɗakin in ɗebo masa ruwa. Ba shi da kowa sai 'yar ƙanwarsa, nas ce, takan leƙo in ta tashi daga aiki. A gabansa mutanen layi suna ce masa Baba Gola. A bayan idonsa Kwando suke cewa, wai ba ya tare ƙwallo kamar yadda kwando ba ya tare ruwa.

Labarin hular kowa ya sani, har ni da ban taɓa shiga filin ƙwallo ba. Ma'aikatan masaƙa ne suka kafa kulob ɗin garinmu, tun kakan Umma yana saurayi. Raga ɗaya ta fuskanci yamma, duk golan da ya tsaya a cikinta ranar la'asar na dukan idonsa. Sai golan farko ya yanki jan ƙyalle a masaƙar aka ɗinka masa hula. Da ya ajiye wasa ya miƙa wa na bayansa, shi ma ya miƙa wa na bayansa. Aka canza riga, aka canza shugabanni, hular na nan. Ƙa'idarta ɗaya: ba ta taɓa ƙasa.

Ranar wasan ƙarshe na cin kofi, iska ta ɗauke ta daga kan Baba Gola. Ya juya ya cafe ta kafin ta sauka. Ƙwallo ta wuce ta gefensa ta shiga raga. Ya fita da hular a hannu ana jifansa da ɓawon lemo, bai ƙara komawa ba. Kulob ɗin ma bai ƙara ɗaukar kofi ba.

"Ki kai wa yaron da ke tsaron gida yanzu," ya ce. Numfashinsa da ƙyar yake fita. "Dogon nan. Hannu da hannu."

"Baba, ni?"

"To wa? Nas ta ce in jefa a shara. Mazan layin nan kuwa in na ba su, a shagon aski za ta ƙare ana ɗaukar hoto da ita."

"Ni ban iya magana cikin mutane ba."

"Shi ya sa. Ba za ki ƙara wa zancen gishiri ba." Ya huta. "Ki ce masa in ji ni: in ta faɗi, ya bar ta ta faɗi. In ba ki faɗi wannan ba, gara ki dawo min da abata."

Washegari da safe na je inda suke atisaye. Mai gadi ya tare ni a ƙofa.

"'Yammata, yau ba 'yan kallo."

Sai na buɗe ledar. Wani dattijo da ke wanke motar 'yan wasa ya leƙo, ya saki bokitin. Shi ne direban kulob ɗin.

"Kwando na da rai?"

"Yana kwance."

Ya goge hannu a wandonsa ya ce in biyo shi. Muka ratsa ta bakin fili. 'Yan wasa suka fara fito.

"Dogo, ka yi baƙuwa! Ashe kai ma kana da mai kawo maka leda!"

Dogo ya zo yana dariya, ya miƙo hannu ɗaya. Direba ya daka masa tsawa.

"Cire safar nan! Hannu biyu! Kada ta taɓa ƙasa!"

Ya karɓa da hannu biyu. Duk suka zagaye shi, direba na ba su labari. Ni kuwa na juya. Har na kusa ƙofa ban isar da saƙon Baba ba. Na tsaya ina kallon takalmina. Sannan na koma, na tsaya daga nesa, na ɗaga murya yadda ban taɓa yi ba.

"Ya ce in ta faɗi ka bar ta ta faɗi!"

Wasu suka fashe da dariya. Direba bai yi ba. Dogo ya daɗe yana kallon hular.

"Ki ce wa Baba na ji."

Na samu Baba Gola ido biyu, fuskarsa na kallon ƙofa.

"Ta shige shi?"

"Ta yi masa kaɗan. Kansa babba ne."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na ba shi ruwa.

"Yaran yanzu, kai kamar tulu. Kin faɗa?"

"Na faɗa. Ya ce ya ji."

Ya ce in buɗe masa taga. Bai ƙara tambayar komai ba.

Ranar Juma'a da safe na shiga da tsintsiya na tarar da Nas tana naɗe zanen gadon. Ta ce ya rasu tun ɗazu, cikin barci. Umma ta ce Allah ya jiƙansa, ta fara fito da tabarmi. Direba ya zo gaisuwa ya zauna kan bencin ƙofar gida. Na ji yana ce wa mazan layi "marigayi gola". Da zai tafi ya ce akwai wasa gobe, in zo zai shigar da ni.

Ranar wasan, bayan hutun rabin lokaci, Dogo ya koma ragar da ke kallon rana, ya ɗora hular. Tana zaune a saman kansa kamar murfi. Aka bugo kwana, ya yi tsalle, ta zame. Tsofaffin da ke bayana suka miƙe.

"Hula! Hula!"

Bai waiwaya ba. Ya rungume ƙwallon a ƙirji, ya tashi ya jefa wa ɗan bayansa, wasa ya koma can ɗaya gefen. Tsofaffin suka zauna ɗaya bayan ɗaya.

Hular na nan kife kan ciyawa kusa da farin layi, rana na dukanta.