Ranar da Bakwai Ba Ta Buga Ba

A siton riɗi da ke bayan kasuwar Lafia, doka ɗaya kowa ya haddace: leburan da ƙarfe ya buga bakwai bai iso ba, ya nemi wani aikin. Ƙarfen kuwa tsohon sifirin mota ne, rataye a reshen mangwaro, Helma Babandi, shugaban leburori, ke dukansa da guduma. Shi Babandi ɗin agogo gare shi a hannu, wanda ya tsaya tun ana yaƙin Bama, amma bini-bini sai ya ɗaga hannun riga ya duba, kai ka ce Razdan.

Iorhemba, Batibin da ke ɗora buhu a sikeli, bai taɓa ɗaukarsa bakin komai ba. Mutumin da bai taɓa ɗaga ko rabin buhu ba, sai kumburi kamar kwaɗo.

Ran Asabar Iorhemba ya tafi Doma duba matarsa Hembadoon, da ke da tsohon ciki. Litinin da sassafe ya hau motar Ashafa zai koma Lafia, akwala ce da sai an tura take tashi. Ba su ci rabin hanya ba aka ji ƙaf! mota ta durƙusa kamar raƙumi. Ashafa ya shiga ƙarƙashi yana zage-zage, ya jefo karyayyen sifiri gida biyu waje. Iorhemba ya duba, ya ga ɓulin da ake zura igiya, ga kuma sawun guduma.

"Direba, ina ka samo wannan?"

"Helmanku ya ba ni shekaranjiya, wai in kawo masa doya a madadinsa. Doyar banza, ƙarfen banza!"

Iorhemba ya ɗauki guntayen ya saɓa a kafaɗa, ya kama hanya a ƙafa.

Rana ta take sosai ya iso. Ya tarar Babandi har ya tsayar da ƙanin matarsa a gindin sikeli, wani lange-lange da buhu zai iya kayarwa.

"A'a, manyan baƙi!" in ji Babandi. "Mai gona ya ga dama. Juya, aiki ya yi mai shi."

"Helma, mota ne ya mutu."

"Mota ta mutu, ƙafarka ma ta mutu? Ni ina ruwana da jana'izar mota? Bakwai ta buga ba ka nan."

Hayaniya ta fito da Malam Mahmuda, wakilin kamfani, dattijo mai magana a hankali. Iorhemba ya rusuna ya gaishe shi.

"Ranka ya daɗe, doka ya ce in ƙarfe ya buga bakwai. To, yau wa ya ji shi?"

Leburori suka dubi juna. Malam Mahmuda ya ɗaga kai ya dubi mangwaro, igiya kaɗai ke lilo.

Iorhemba ya sauke guntayen a gabansa. "Ga bakwai ɗin nan, ranka ya daɗe, ni na ɗauko shi tun daga hanyar Doma. Uku da rabi, uku da rabi."

Dariya ta ɓarke har da masu ɗinkin buhu. Da aka gaya wa Malam Mahmuda zancen doya, bai yi dariya ba, sai ya juya ga Babandi.

"Helma, yanzu ƙarfe nawa?"

Babandi ya ɗaga hannun riga, ya dubi agogon, ya sake dubawa, ya kai shi kunne. Gumi ya keto masa.

"To, madalla," in ji Malam Mahmuda. "Iorhemba, koma sikelinka. Daga yau duk wanda mota ta mutu masa a hanya, in ya iso ya kama aiki, abin da ya rasa da safe ya cika da la'asar."

Iorhemba ya ture ƙanin matar da kafaɗa, ya sungumi buhu. Da ya zo giftawa ta gaban Babandi, ko kallonsa bai yi ba, ya ce, "Doyarka yana can cikin mota, Helma. Ƙafarka dai bai mutu ba."