Gyaɗar Iya

Masakin gyaɗar yana tsakanin ƙafafun Iya, hannayen da ke cikinsa kuwa huɗu ne. Biyu na Iya ne, masu jijiyoyi kamar saiwar tsamiya. Sauran biyun ba na Adawiyya ba ne.

Daga bakin zaure ta hango su, tana dawowa daga Islamiyya da jaka a kafaɗa. Ogochukwu ce, 'yar ajinsu, 'yar Emenike mai shagon kayan babur da ke jikin katangar gidansu. Ta miƙe ƙafa a kan tabarmar Adawiyya, a gindin darbejiyar Adawiyya, tana ɓarar gyaɗa, kakar Adawiyya kuma tana ta zuba mata magana ƙasa-ƙasa har da dariya. Da Adawiyya ta yi sallama sai hirar ta ɗauke kamar wutar lantarki.

"Ga malamar gidan nan ta dawo," in ji Iya. "Ogo, matsa mata, kada ɓawon gyaɗa ya taɓa littafi mu shiga uku."

Wurin nan na Adawiyya ne tun tana aji ɗaya. Kullum tsakanin la'asar da magariba nan take shimfiɗa tabarma ta yi aikin da aka ba su a makaranta. Sai ta fere fensir da reza, ta fara da lissafi don shi ta fi tsoro, sannan Turanci, ta bar Hausa a ƙarshe kamar yadda take barin nama a ƙarshen tuwo. Iya kuma takan jawo kujerarta 'yar tsugunno ta zauna kusa, da tsintar wake ko ɓarar gyaɗa, ba ta cewa uffan. Adawiyya ba ta taɓa tambayar kanta dalili ba. Inuwa ce, kowa yana son inuwa.

A makon nan ne Malam Suhaibu, malaminsu na Hausa, ya ce kowane ɗan aji biyar ya nemi tsoho ko tsohuwa ya tambayo yadda aka yi rayuwa a zamanin Turawa. Wanda nasa ya fi kyau, shi zai tsaya gaban makaranta baki ɗaya ranar Litinin da safe ya faɗa. Wannan tsayuwar, ai an san mai ita. Adawiyya ta ma fara tunanin wanke hijabinta.

Ranar da aka ba da aikin ta ja layi a sabon shafi, ta cire murfin biro, ta gurfana gaban Iya.

"Iya, a wace shekara aka haife ki?"

Iya ta dubi biron, ta dubi littafin, ta gyara ɗaurin kallabinta.

"Ban sani ba."

"To yaya zaman duniya yake a zamanin Turawa?"

"Lafiya lau."

"Me kuke ci?"

"Abinci."

"Ku nawa ne yara a gidanku?"

"Ba kowa. Gidanmu ba yara."

"Haba Iya! Ke fa?"

"Ni ma ba na nan."

Adawiyya ta rubuta duka, don ba ta saba barin layi fanko ba. Daga baya ta ce a ranta tsufa ne ya cinye wa Iya tunani, ta buɗe littafin tarihin yayanta ta kwafo shafi biyu a kan jirgin ƙasa da dalar gyaɗa, da rubutunta mai kyau.

To yau ga tsohuwar da ba ta san komai ba, bakinta ya ƙi rufuwa.

"Kakata tana can ƙauyenmu, bayan Anaca," Ogo ta ce, tana hura jajayen ɓawo daga tafin hannunta. "In an kira ta a waya ba ta ji. Babana ya ce in zo wurin Iya, ai ita ma kakata ce."

"Kakar kowa ce ke nan," Adawiyya ta ce, ba ta dube ta ba.

Ta zauna can gefen tabarma ta buɗe lissafi. Lambobin suka yi ta yawo a idonta. Ita Ogo ba ta zuwa Islamiyya, ke nan duk tsawon lokacin da Adawiyya take can tana biya hadda, wannan tana nan tana kwashe Iya. Ta lura Iya ta ware manyan ƙwayoyi a gefen zaninta, ta tura wa Ogo. Ta lura Ogo ta ce "Iya" sau da yawa, kuma sunan ya zauna a bakinta daram, kamar da shi aka haife ta. Fensirin ya karye. Ta fere shi, ya sake karyewa.

Da aka kusa kiran magariba Ogo ta tashi ta karkaɗe siket, ta tsuguna kusa da ita.

"Ada, don Allah ki taimake ni. Labarin yana kaina, amma kin san rubutuna. Malam ya ce kamar kaza ta bi ta kan takarda. In faɗa miki, ke ki rubuta mini?"

"Sunana Adawiyya."

"Adawiyya, to."

"Ina da nawa aikin. Wadda ta ba ki labarin ta rubuta miki."

Ogo ta ɗan taɓe baki, ta yi wa Iya sai da safe. Iya ba ta ɗago ba. Gyaɗa kawai take fasawa, ƙas, ƙas, kamar ba ta ji komai ba. Wani daɗi mai ɗaci ya sauka a ƙirjin Adawiyya. Labarin da ba a rubuta ba, ai ba aikin makaranta ba ne.

Ranar Juma'a Malam Suhaibu ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan Ogo ta miƙe hannu wofi.

"Malam, ban iya rubutawa ba. In faɗa da baki?"

"Baki ma alƙalami ne in ya san abin da zai ce. Wa kika tambaya?"

"Iya, ta gidan su Adawiyya."

Adawiyya ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ita da muryarta ke rawa ko sunanta aka kira, sai ga ta tana cewa da ƙarfi, "Malam, kakata ce! Ba tata ba ce!"

Duk aji suka juyo suna kallonta. Malam ya sauke tabarau zuwa kan hancinsa.

"Ba wanda ya ƙwace miki ita. To fara karanta mana naki."

Ta karanta jirgin ƙasa, ta karanta dalar gyaɗa, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

"Madalla," ya ce. "Wannan littafi ne ya gaya miki, na san shafin. Ita Iyar me ta ce?"

Ta juya baya zuwa shafin farko.

"Ta ce... ban sani ba. Lafiya lau. Abinci. Ba kowa."

Dariya ta fashe har 'yan aji shida suka leƙo ta taga. Wani daga baya ya ce, "Tarihi ya ƙare!" Ogo kaɗai ce ba ta yi dariya ba.

"Malam, na san dalili," ta ce. "Da biro ta je mata."

Sai ta fara, da Hausarta ta 'yan Daura wadda ba ta da gargada. Ta ce a ƙauyen su Iya, can wajen Baure, idan aka hango mai keke da littafi a hammata, ɗan aiken dagaci yana biye da shi, gari yakan rikice. Duk abin da mutumin nan ya rubuta, ya bar gidan ke nan. In ya rubuta kan mutum, haraji ne. In ya rubuta saniya, jangali ne. In ya rubuta yaro, an tafi da shi makarantar boko a Daura. Don haka tun yaro bai iya ɗaura zani ba ake koya masa amsar mai alƙalami: ban sani ba, lafiya lau, ba kowa.

"Ranar da aka zo ɗibar yara, uwar Iya ta ɗaga ta ta jefa cikin rumbu. Iya ta ce ƙaiƙayin gero ya ci jikinta, atishawa ta zo mata, ta cije gefen zaninta. Ta wata 'yar ɓula ta ga an tafi da ƙawarta Siddiƙa, tana kuka, uwarta na bin su da ƙullin ƙuli-ƙuli. Kowa ya ce Iya ta tsira."

Ba mai motsi a ajin.

"Da aka yi hutu Siddiƙa ta dawo tana ƙamshin sabulu. Ta ɗauki tsinke ta zana wani abu a ƙasa ta ce wa Iya, ga sunanki. Iya ta ce ita ba ta gani ba, ta yi tafiyarta. Da kowa ya watse ta dawo ta kife ƙwarya a kai don kada kaji su tone. Kullum sai ta ɗaga ta leƙa. Har ruwan farko ya sauka."

Adawiyya tana kallon teburinta. A gidansu aka yi labarin nan, a kan tabarmarta, kuma jiya-jiya aka tsuguna aka roƙe ta ta saurara.

"Iya ta ce shi ya sa take kai kujerarta kusa da Adawiyya da yamma," Ogo ta ƙarasa. "Wai ƙarar fensir a kan takarda tana mata daɗi. Amma ta ce kada in faɗa, kan Adawiyya zai ƙara kumbura."

Aka sake dariya, wannan karon mai taushi. Malam Suhaibu ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Ba sai ya faɗi wanda zai tsaya ranar Litinin ba, amma ya faɗa.

Ba Islamiyya ranar Juma'a. Da la'asar ta yi sanyi Adawiyya ta fito tsakar gida ba jaka, ba littafi. Ta shimfiɗa tabarma, ta matso har gwiwarta ta taɓa masakin, ta ɗauki gyaɗa ɗaya ta matsa. Ta ƙi fashewa. Ta sa haƙori.

"A'a, malama, da baki? Kama ta nan, wajen hancinta." Iya ta juya mata ita tsakanin yatsu. "Yau ba boko?"

"Babu."

Suka yi ta fasawa. Babban yatsan Adawiyya ya fara zogi, ba ta nuna ba. Can, ba tare da ta ɗago ba, Iya ta ce, "Shekarar da aka zo yi mana lamba a dantse, akwai wani mai allura, dogo, wuyansa kamar na zalɓe..."

"Iya."

"Na'am."

"Wannan kin gaya wa Ogo?"

Iya ta fasa gyaɗa, ta duba ƙwayar, babba ce. Ta ajiye ta a gefen zaninta, wurin da take tara manya, ba ta tura wa kowa ba tukuna.

Daga zaure aka yi sallama, da muryar da Adawiyya ta sani.