Kashe Inji a Gangara

Tun da farashin mai ya sake tashi, direban tasin ya koyi dabarar da duk tashar ta koya: in ka zo gangara, ka kashe inji, mota ta kai kanta. Fasinjoji sun ragu. Ma'aikatan da a da suke ɗaga masa hannu yanzu a ƙafa suke tafiya, takalman ofis a cikin leda, suna gaya wa juna wai motsa jiki ne. Kowa ka taɓa, sai haƙuri, sai haƙuri, kamar haƙurin ake ɗurawa a tanki.

Motar ta surukinsa ce. Tsohon ya riga ya gaya masa cewa in ya ci gaba da dawowa hannu wofi, zai karɓe makulli ya sayar da ita, don 'yarsa ba bayani za ta ci ba.

Bakanike ya taɓa gargaɗinsa cewa birkin irin wannan mota da inji yake samun ƙarfi, in an kashe, taku kaɗan ne ya ƙare. Direban ya yi dariya, ya ce duk tasha haka ake yi, wa ya mutu?

Wata rana da hantsi ya ɗauki mata biyu, ya kashe inji a gangaren kasuwa. Ya taka birki don wani mai keke, ya kama. Ya sake takawa don rami. Sai ga mai baro ya shigo titi, ya taka, ya ji birkin kamar dutse. Ya karkatar da sitiyari, motar ta bi ta kan teburin wata mai ƙwai, ta daki sandar lantarki.

Ba wanda ya ji ciwo. Mai ƙwan ta tsaya tana kallon kwaiduwa na gangarawa kwata.

"Ɗana, ka hutar da ni," in ji ta. "Dama sun fara ɓaci, ba mai saye."

Matan suka fita, suka ce tunda bai kai su ba, ai babu maganar biya.

Surukin ya iso a ƙafa, yana haki. Bai yi faɗa ba. Ya zagaya motar, ya leƙa bakinta da ya lotsa, sannan ya miƙa hannu. Direban ya sa masa makullin, yana ƙoƙarin bayanin cewa tattalin mai yake yi.

"Akwai saura a tankin?"

"Akwai kaɗan, Baba."

Tsohon ya ce a nemo masa tiyo da galan. Jama'a suka matso, wasu har sun fara taya man.