Ɗingishin Aro

"Ba zan sa ba," in ji Hollis. "Ki mayar masa da malafarsa."

Marnie ta tsaya a bakin ƙofarsa riƙe da malafar, idanunta sun kaɗa sun yi ja. Daga titi hayaniya ke tashi. Masoyan mahaifinta ne, Royce Tarlow, jarumin finafinan kaboyi, sun zo kamar yadda suka saba duk ranar zagayowar haihuwarsa. Yawancinsu tsofaffi ne, sun jera cikin zafin ranar garin Burbank riƙe da hotuna, wata mata kuma ta rungumo kek yana narke mata a hannu.

"Kawu Hollis, don Allah. Bayan labule kawai za ka tsaya ka ɗaga musu hannu, su tafi. Likita ya ce da wuya Baba ya kai yamma, shi kuma ya rantse ba wanda zai gan shi a haka."

"Shi ya aiko ki?"

"Shi ne."

"To ni zan kai masa amsa da bakina."

Ya jawo sandarsa ya ƙetare ɗan filin ciyawar da ya raba ƙofofinsu. Ta tsakanin gidaje ya hango masoyan, sai zuciyarsa ta tafasa. Ga wani ƙaton tsoho mai tumbi yana yi wa abokansa tafiyar Royce Tarlow, yana jan ƙafar hagu, kafaɗa a karkace, su kuma suna ta dariya da tafi.

Tafiyar Royce Tarlow, wai! Lokacin da Hollis ya san mutumin, sunansa Elmer, ɗan mai wanki ne daga jihar Nebraska, yana kwasar kashin dawaki a bargar da ke ba kamfanonin fim hayar dabbobi. Ko doki ya yi atishawa sai Elmer ya nemi hanyar gudu. Abin da yake da shi fuska ce, ita kuwa Allah ya ba shi. Wani darakta ya gan ta, aka canza masa suna, aka gyara masa haƙora, aka nemo mai tsayinsa da faɗin kafaɗarsa da zai riƙa shiga madadinsa duk inda akwai haɗari. Hollis ke nan. Shi ya faɗo daga rufin gidaje, shi dawakai suka ja a ƙasa, kullum fuska a juye, don ƙa'idar aikin ke nan: ba a ganinka, ba ka kuma faɗa. Shi ne ya yi tsallen nan daga kan doki zuwa jirgin ƙasa, wanda har yau ake nunawa. Ya kama jirgin, amma kwatangwalonsa ya tafi. Da ya warke yana ɗingishi, darakta bai sallame shi ba, sai ya ce Royce ya koyi ɗingishin don hotunansu su zo ɗaya. Duniya ta gani ta haukace, yara suka riƙa jan ƙafa a makarantu. Royce kuwa ya shiga gidajen talabijin yana ba da labarin yadda ya karye.

Yanzu aure uku sun cinye masa katafaren gidansa, ya dawo ƙaramin gida daura da na Hollis. Shekaru suna kallon ƙofar juna, gaisuwa ba ta haɗa su.

Ɗakin na warin magani. Royce na kwance, ba gashin aro, ba haƙoran roba, bututun iska a hanci, ya rame har gadon ya yi masa yawa. Idanun ne kaɗai ba su canza ba.

"Gurgu ya iso," in ji shi, muryar a shaƙe. "Ka ɓata mini lokaci."

"Sannu, Elmer."

"Kada ka ƙara kirana da wannan sunan a gidana."

"Gidan haya dai. Ji nan, zan tsaya maka a tagar, amma sai ka faɗa. Ga 'yarka nan, ita kaɗai ma ta ishe ni. Wa ya yi tsallen jirgin?"

Marnie ta dubi wannan, ta dubi wancan. "Wane irin zance ne wannan? Baba ne mana. A nan ya karye."

"Ya karye?" Hollis ya yi wata muguwar dariya. "Ɗaga bargon ki duba. Ki nemo mini tabo ɗaya a jikin nan, ko na kaifin reza ne."

"Kawu, mutumin nan mutuwa yake yi!"

"Shi ya sa nake sauri."

Royce ya ja numfashi da ƙyar, ya yafito shi da yatsa. Hollis ya sunkuya, ƙirjinsa na bugawa. Kunya ta kama shi da ya ji yadda yake bugawa, tsofai-tsofai da shi yana jiran kalma ɗaya daga bakin maƙiyinsa.

"Ni na yi," in ji Royce, a hankali, dalla-dalla. "Je ka tambaye su a waje. Kai bayana ne kawai, Hollis. Wa ya taɓa sayen tikiti don ya kalli baya?"

"Allah ya isa tsakanina da kai."

"Ya isa ɗin. Ɗauki malafar. Tsaya a wurinka."

Haka daraktoci ke faɗa, da wannan muryar ta ba-wasa. Abin takaicin, kafin Hollis ya gama shawara ƙafafunsa sun riga sun kai shi. Ya jingine sandar, ya kifa malafar a ka, ya tsaya bayan farin labulen da rana ke dukansa. A waje aka kece da ihu.

"Royce! Royce!"

"Karkata kafaɗar," muryar ta zo daga gado. "Ba haka nake tsayuwa ba."

"Ni za ka koya wa? A wurin wa ka samo ta?"

"Taka su gani."

Ya taka, daga wannan gefen tagar zuwa wancan, yana jan ƙafar da ta hana shi barci rabin rayuwarsa. Titi ya ɗauka da tafi da fito. Suka soma rera masa waƙar murnar haihuwa, muryoyin tsofaffi, kowa da inda tasa ta nufa. Hollis ya ɗaga hannu yana kaɗawa, yana tsine musu a zuci ɗaya bayan ɗaya.

Ana tsakiyar waƙar ya ji Marnie ta ce, "Baba?" Ta sake cewa, "Baba?" Ba amsa, sai hucin injin iska shi kaɗai.

Ya waiga. Bakin Royce a buɗe, idanun na kallon rufi, Marnie ta kifa kai a kan hannunsa. Shi ke nan, ya tafi da maganar a ciki, ɗan banza. Ba tausayi Hollis ya ji ba, fushi ya ji. To, tunda mai faɗa ya mutu bai faɗa ba, shi zai nuna musu da kansa.

Ya cire malafar ya yar a ƙasa. Ya kama labulen ya ja shi gefe da ƙarfi har ƙarfen ya yi ƙara, ya tura tagar, ya tsaya da fuskarsa tsirara a cikin rana, fuskar da ba a taɓa haskawa a majigi ba. Waƙar ta tsinke. Suka zuba masa ido.

"Ku dube ni da kyau," in ji shi. "Ni ne na..."

"Baba, ɗan matsa mana," in ji mai kek ɗin, cikin ladabi. "Kana kare mana shi."

"Ƙwarai, matsa gefe, dattijo!" in ji mai tumbin.

Hollis bai matsa ba, bai kuma ƙarasa maganar ba. Ya dafa bakin tagar da hannu biyu ya tsaya. Su kuma suka yi ta ɗage a kan yatsun ƙafa, suna miƙa wuya, suna leƙen duhun ɗakin ta saman kafaɗarsa.