Hailala Dubu Saba'in, Saura Ɗaya

...ba ya rabuwa uku. Na sake, na kuma sakewa, ba ya rabuwa.

Hailala dubu saba'in, haka Malam Labo na Maska ya ce, ita ce fansar mamaci daga wuta. To, Sada, ɗana, ga uwarka a kan tabarma da 'ya'yan tsamiya ɗari bakwai, kowace ƙwaya hailala ɗari. Ba na ƙirga da dawa — kaji ba su san lahira ba.

Da mu biyu ne, da ya rabu. Biyar, kamar salloli, ya rabu. Bakwai, kowa dubu goma cif. Lissafi mai ladabi, ko ta ina aka sa masa wuƙa... ban da uku. Mu kuwa uku ne: ni, ƙanwata Hajjo, yayarka Inno. Wa kuma zai zauna dominka? Kai da ka bar garin salla ka koma cikin Maguzawa, ka auri Tani mai dafa giya?

Kashi uku — ƙwaya ɗaya ta rage. Na fasa ta a zuci, talatin da uku-uku. Saura ɗaya. Kullum ɗaya!

Hajjo wai, “Yaya, ki ƙara a naki mana, Allah ba ɗan kasuwa ba ne.” Sakarci. Abin da aka ce a raba daidai, daidai ake raba shi. Ni ban taɓa tauye mudu ba, ban taɓa... Ga ka ɗan yaye, na riƙe haɓarka, ce La'ilaha — sai dariya, kunu na bin wuyanka...

Maciji ya sare ka a gonar auduga. Tani ce ta kawo labari, kanta ba ɗankwali. Wai leɓunanka sun motsa kafin ka cika. Ruwa ka nema? Ni ka kira? Ko ita kalmar ce? Ba ta sani ba. Ina za ta sani!

Ta durƙusa a ƙofar zaure. “Iya, ku koya mini abin da kuke faɗa, in ɗauki nawa.” Bakin da ya ɗanɗana giya? Na ce ta tashi. Ba ta tashi ba. Inno ta ce har yanzu tana gindin tsamiya, ciki ya tsufa.

Hannuna, me kake yi? Wa ya ce ka yi kashi huɗu?

Ɗari da saba'in da biyar... nan ma... nan ma... nan ma.

Ba saura.

An kira la'asar. Inno — leƙa waje... a'a. Tsaya tukuna.