Hannun Hassana

Ranar da awarwaron Usaina ya zame daga hannunta ya faɗa kwanon koko, Ramlat ta yi maza ta tsoma hannu. Ta tsamo shi, ta goge da bakin zane, ta mayar. Awarwaro iri ɗaya aka saya wa tagwayen nata a kasuwar Makoda lokacin da suka fara zama. Na Hassana har ya fara shiga nama. Na Usaina kuwa ga shi yana yawo.

Ba wani ciwo ba ne, abinci ne. Tun da nono ya daina isar su aka fara ba su koko, halin kowacce ya fito fili. Kai, Hassana! Yarinyar nan ko ludayi ta ji an ƙwanƙwasa a maƙwabta sai ta wangale baki. Usaina kuwa sai ta damƙe leɓe, in an samu an ɗura mata ta ajiye a kumatu, can ta furzo shi a wuyan riga.

A gidan kuma akwai doka, dokar Inna Larai, uwar mijin Ramlat. Kwano ɗaya, cokali ɗaya, wannan ta sha, wannan ta sha. In kwano ya ƙare, shi ke nan. Ba a ƙara wa ɗaya ko ɗigo, ba a dafa wa ɗaya abin da ba a dafa wa ɗayar ba.

"Tagwaye ba a bambanta su," in ji Inna. "Wanda aka rage wa yana gani. Fushi zai yi ya koma."

Wa zai yi mata musu? Mijin Ramlat sunansa Zubair, amma duk garin Gambo ake ce masa, domin shi ya biyo bayan tagwaye. Kuma babu tagwayen. Inna ta haifi Hassan da Hussaini tana da ƙuruciya. Hussaini ya zo ƙarami, ta riƙa ɓoyewa tana lasa masa man shanu. Da ƙyanda ta shigo gari Hassan ta fara ɗauka, matan unguwa suka ce ai fushi ya yi. Ba a daɗe ba Hussaini ya bi shi. Tun daga nan ba a sake jin sunayensu a bakin Inna ba.

Ramlat ta san duk wannan, shi ya sa maganar ta yi mata nauyi. Amma da ta kai yaran awo, ma'aikaciyar asibiti ta zagaya wa hannun Usaina ma'auni, ta ɗago ta dube ta.

"Wannan fa tana baya. Ki ci gaba da ba ta nono, amma koko tsararo ba zai riƙe ta ba. Ki yi mata mai kauri, da gyaɗa da ɗan manja, nata daban, ki zauna da ita har ta ci."

Nata daban! Ramlat ta yi ta juya kalmar a kan babur har gida.

Da ta faɗa wa Gambo, sai ya hau sosa ƙeya. Mutumin da ke iya yini yana ciniki a kan buhun gyaɗa, a gaban uwarsa ko tari ba ya iyawa. Ramlat ta ga in ta jira shi Usaina za ta ƙare a tsaye. Ta tafi da kanta, ta durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, ta zare awarwaron daga hannun yarinyar ba tare da ta ko lanƙwasa mata yatsu ba, ta ajiye a kan tabarma.

"Inna, ki duba. Tsoro nake ji."

Inna ta dubi awarwaron, ta dubi hannun. Ramlat ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa. Da tsohuwar ta buɗe baki, cewa ta yi, "Ki bar min su gobe. Ki tafi tsinkar gyaɗarki."

Washegari Ramlat ta tafi gona, gonar ga ta nan bayan danga, amma rabin hankalinta na gida. Hantsi bai gama dubawa ba ta dawo da sunan ba da nono. Ta tarar Inna zaune a gindin darbejiya, yaran a gabanta, ba ta ba su komai ba. Kallon su kawai take yi, kamar mai gadin shanya. Hassana ta rarumo marfin kwano tana bugawa. Usaina ta kamo ɗaya hannun 'yar'uwarta, ta cusa yatsun a baki tana tsotsa. Haka take yi kullum, kowa a gidan ya saba gani har an daina gani.

"Ɗora min tukunya," in ji Inna, ba ta ko waiwayo ba.

Ita ta tsaya a kan girkin da kanta. Dankali ta dafa ya yi luguf, ta murje shi da garin gyaɗa, ta ɗiga manja, ya yi kauri yana kama yatsa. Ta fara ba Hassana da cokali har ta ƙoshi ta kau da kai. Sannan ta zuba sauran a wani kwano daban. Ramlat ta ga tsohuwar ta ɗan dakata, wallahi ta gani, amma ta zuba.

Ta sa aka kawo ruwa da sabulu, ta wanke hannun Hassana tas. Ta ɗora ta a cinya, ta rage murya, irin yadda ake yi wa babban mutum magana.

"Hassana, ke ce babba. Kin ci kin ƙoshi, ba wanda ya rage miki. Wannan na ƙanwarki ne. Ba ni zan ba ta ba, ba uwarki ba. Ke za ki ba ta da hannunki, don kada ki ce an yi a bayan idonki."

Hassana ta yi mata gwaranci, ta kama mata hanci.

"To, ta yarda," in ji Inna.

Ta tsoma yatsun Hassana a kwano ta miƙa wa Usaina. Ita kuwa ta cafke kamar yadda ta saba. Ta tsaya cak, ta yamutsa fuska. Sai maƙogwaron ya motsa. Ta haɗiye! Ta sake jawo hannun da kanta.

Kada wani ya ce abin sauƙi ne. Hassana ba tabarya ba ce da za ta tsaya inda aka ajiye ta. Ta shafa a gashinta, ta shafa a idon Inna, ta kai bakinta ta cinye rabon ƙanwar. Abin da cokali zai gama kafin a ɗaura zane, sai ya ci rabin hantsi. Kuma ba rana ɗaya ba. Kullum, safe da yamma, tsohuwar da gwiwa ke hana ta zuwa biki za ta miƙe ƙafa a ƙasa, ta wanke hannun, ta nemi izini, ta tsoma. Da Tahira maƙwabciya ta leƙo ta ga kwano biyu, ta dafe ƙirji.

"Larai! Ke da kanki?"

"Ni na ba ta? Tambayi yayarta."

Ramlat ta juya baya tana dariya, idonta cike da ƙwalla. Ita dai ba ta taɓa ganin jarumta irin wannan ba. Matar nan ba ta daina jin tsoro ba ko na rana ɗaya. Duk lokacin da Hassana ta yi atishawa sai Inna ta taɓa goshinta tana salati. Amma gari na wayewa za ta ce a ɗora tukunya.

Kafin a gama ɗaure dawa Usaina ta fara karɓar cokali, ta fara kai nata hannun kwano. Wata safiya Ramlat na yi mata wanka ta ja awarwaron don ta cuɗa ƙarƙashinsa, ya ƙi wuce tafin hannu. Ta ja kuma, ya ƙi. Ta ɗauke ta da kumfa a jiki ta yi ɗakin Inna da gudu.

Inna ta gwada da kanta. Ta daɗe riƙe da ɗan hannun tana murza shi.

"Alhamdu lillahi," ta ce. Can ta ƙara, a hankali, "Hussainina ma yatsan Hassan yake tsotsa. Ina kallo kullum."

Inna ta share ido da gefen ɗankwali, ta miƙa hannu.

"Kawo min babbar. A wanke mata hannu."