Wayar da Ta Dawo Gida

Tun da 'yan fashi suka shigo gidanta fuska a rufe, Umma ba ta ƙara barcin kirki ba. Yau ta sayo sabuwar kwamfuta, ta kira mai gyara ya haɗa mata da modem ɗin falo. Ya soka kebul, fitila ta koma kore, sai ya ƙura wa allon ido.

"Hajiya, wata waya ta kama intanet ɗinki yanzu. Sunanta 'Wayar Umma'."

Umma ta ce, "Ita 'yan fashin suka fizge a hannuna!"

Ya rage murya. "Ƙarfin modem ɗin nan bai wuce katangarki ba."

Maigadinta ya yi sallama daga bakin ƙofa, hannunsa cikin aljihu.

"Hajiya, ya kama?"